Babi na Shida: Dala Miliyan 141 a Kan Mutum Ɗaya

Ranar Asabar, 1 ga Satumban 2018, saura kwanaki kaɗan a buɗe kakar gasar NFL, ƙungiyar Oakland Raiders ta sallama Khalil Mack ga Bears ta birnin Shikago. Shekarunsa 27, lafiyarsa garau, bai taɓa fashin wasa ko ɗaya ba a kaka huɗu da ya yi musu, kuma shi aka zaɓa gwarzon mai tsaron baya na gasar baki ɗaya a 2016. Abin da ya haɗa su bai wuce kuɗi ba. Ya nemi a biya shi daidai da yadda kasuwa ta kai, aka yi ta jan ƙafa, shi kuma ya ƙi zuwa atisaye. Da isarsa Shikago aka ba shi kwantiragin shekara shida a kan dala miliyan 141, aka lamunce masa miliyan 90 daga ciki. Ba a taɓa biyan mai tsaron baya haka ba a tarihin gasar.

Mai kallon ƙwallon Turai zai ce to mene ne abin mamaki, ƙaramar ƙungiya ta sayar wa babba ɗan wasa ta karɓi kuɗinta. A NFL ba haka ake yi ba. Raiders ba su karɓi ko sisin kwabo ba, domin musaya ake yi, ɗan wasa da ɗan wasa, ko ɗan wasa da gurbin zaɓe. Kowace shekara a ƙarshen Afrilu ƙungiyoyi 32 kan zauna su raba samarin da suka fito daga jami'o'i, zagaye bakwai, wadda ta fi shan kashi bara ita ke fara ɗauka. Bears sun ba da gurbinsu na zagayen farko na 2019 da na 2020 da wasu ƙanana biyu. Raiders kuma ba Mack kaɗai suka bayar ba, sun haɗa musu da gurbin zagaye na biyu na 2020. Wato an ba da mutumin da kowa ya ga aikinsa, an karɓi damar ɗaukar samarin da a lokacin ba a san ko su wane ne ba.

Haka kuma babu babba babu ƙarama wajen kashe kuɗi. Tun 1994 gasar ta yanka wa kowace ƙungiya iyakar albashin da ba za ta haura ba, komai dukiyar mai ita. A shekarar farko dala miliyan 34.6 ce, a 2018 ta kai miliyan 177.2. Akushi ɗaya ne da hannaye 53 a ciki, duk wanda ya yi babbar loma daga gaban ɗan'uwansa ya yanko. Kuɗin Mack in aka raba shi shekara-shekara ya kama miliyan 23.5, sama da kashi 13 cikin ɗari na iyakar. Ga shi tun a 2017 Raiders sun riga sun ba mai jifansu, Derek Carr, miliyan 125 na shekara biyar. In aka haɗa su, mutum biyu za su kwashe fiye da rubu'in abin da aka ware, mutum 51 su raba ragowar. Wannan lissafi shi ya tsaya wa Jon Gruden a maƙoshi, kocin da aka ɗauko daga aikin sharhi a talabijin a watan Janairun shekarar aka damƙa masa wuƙa da nama.

Ba za a gane nauyin abin da suka saki ba sai an san aikin Mack a fili. A wannan wasa komai yana wuyan mai jifa ne, wanda Amurkawa ke kira kwatabak. Shi ake miƙa wa ƙwallo a farkon kowane hari. Ƙarti biyar ne ke tsaye a gabansa suna kare shi, kowanne ya kai kilo 140, shi kuma yana da sakan biyu da rabi zuwa uku ya hango abokinsa ya jefa masa. Aikin irin su Mack shi ne su kutsa ta gefen ƙartin nan su cim masa kafin ya saki. In an kayar da shi da ƙwallo a hannu sai a rubuta wa wanda ya kayar, in su biyu ne a ba kowa rabi. Wanda ya yi goma a kaka ɗaya ya isa a kira shi gwani. Mack ya yi 40.5 a kaka huɗu, har da guda biyar a wasa ɗaya da Denver a Disambar 2015. Amma abin da ya fi wannan tsada ba ya shiga takarda. Mai jifan da ya san Mack na zuwa yakan yi gaggawa ya jefa inda bai kamata ba. Koci kuma dole ya sa mutum biyu su tare shi, sai wani abokin tsaronsa ya samu hanya a buɗe.

Kwana takwas da cinikin, Bears suka je filin Lambeau na Green Bay Packers, wasan dare, Amurka duk tana kallo. Mack bai yi atisayen share fage ba, da ƙyar ya haddace tsarin sabuwar ƙungiyarsa. Mai jifan Packers, Aaron Rodgers, ya ji rauni a gwiwa aka fitar da shi, DeShone Kizer ya shigo a madadinsa. Mack ya zagayo ta gefe, maimakon ya kai Kizer ƙasa kawai, sai ya sa hannu ya fizge ƙwallon daga ƙirjinsa ya rungume abinsa. Dab da tafiya hutun rabin lokaci Kizer ya yi ɗan gajeren jifa cikin matsi, ƙwallo ta faɗa hannun Mack, ya ruga da ita yadi 27 har gida, maki shida. Aka tafi hutu Bears na da 17, Packers na nema. Sai dai Rodgers ya dawo yana ɗingishi, ya riƙa sakin ƙwallo tun kafin kowa ya iso shi, ya jefa wa Randall Cobb wadda ta tafi yadi 75, aka tashi 24 da 23, Packers ke da nasara. Duk gardamar da ake yi a kan biyan mai tsaron baya tana cikin wannan dare ɗaya: mutumin da aka saya ya yi duk abin da ɗan Adam zai iya, amma gwanin mai jifa da ƙafa ɗaya ya rinjaye shi.

A Oakland kuwa kunya aka sha. Makonni kaɗan bayan cinikin, Gruden ya tsaya gaban 'yan jarida yana kukan cewa samun gwanin mai kayar da mai jifa abu ne mai wuya, aka yi ta masa dariya a faɗin ƙasar. Da kaka ta ƙare, Mack shi kaɗai ya kayar sau 12.5 a wasa 14. Raiders gaba ɗayansu, duk wanda ya sa musu riga a wasa 16, sau 13 suka yi. Suka ci wasa huɗu, aka doke su a 12. Bears suka ci 12, suka ɗauki kambin rukuninsu, kuma babu ƙungiyar da aka zura wa maki kaɗan kamarsu a shekarar.

Duk da haka hujjar Raiders ba ta banza ba ce, kuma ya kamata a ji ta yadda take. Tun yarjejeniyar 2011 tsakanin gasar da ƙungiyar 'yan wasa aka ƙayyade abin da za a biya sabon shiga. Kafin nan yaro kan fito daga jami'a ya fi tsofaffin hannu albashi, kamar Sam Bradford da aka lamunce wa miliyan 50 a 2010 bai buga ko wasa ɗaya ba. Bayan 2011 sabon ɗauka ya zama mafi arahar kaya a gasar. Josh Jacobs, wanda Raiders suka ɗauka da gurbin farko da suka samu daga Bears, kwantiraginsa na shekara huɗu cur bai wuce kusan miliyan 12 ba, rabin abin da Mack ke karɓa a shekara guda. Ƙungiyar da ta ci wasa shida kacal a 2017, wadda ke da ɓaraka ta ko'ina, tana iya cewa gara samari huɗu masu araha da gwarzo ɗaya mai tsada. An kuma yi ta raɗe-raɗin cewa tsabar kuɗi ce ta yi wa mai ƙungiyar, Mark Davis, ƙaranci, domin dokar gasar ta tilasta a ajiye kuɗin da aka lamunce wa ɗan wasa a asusu na musamman, ga kuma ɗawainiyar ƙaura zuwa Las Vegas a gabansa.

Inda hujjar ta yi rauni shi ne ɗaukar gurbin zaɓe tamkar ɗan wasa ne a hannu. Masana biyu, Cade Massey da Richard Thaler, wanda daga baya ya karɓi kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2017, sun bi diddigin zaɓen shekaru masu yawa. Sun gano cewa ƙungiyoyi na cika baki da iya hangensu. In an ɗauki yaro kafin wani mai buga wuri ɗaya da shi, yiwuwar na farkon ya fi na biyun da ƙyar ta haura rabi. Sun kuma nuna cewa in aka auna abin da ake samu da abin da ake biya, guraben ƙarshen zagayen farko da farkon na biyu sun fi riba. Ga shi Raiders sun mayar da gurbin zagaye na biyu cikin cinikin da hannunsu.

Me guraben suka haifar? Jacobs ya fito gwani, ya fi kowa gudu da ƙwallo a 2022 da yadi 1,653. A Oktoban 2019 ma, a filin Tottenham da ke Landan, shi ya kai ƙwallo gida sau biyu Raiders suka doke Bears 24 da 21 a gaban idon Mack, magoya bayan Gruden suka samu abin faɗa na mako guda. Amma mai gudu da ƙwallo shi ne wurin da ya fi sauƙin cikewa a wasan, kuma da lokacin biyansa ya zo su ma ba su riƙe shi ba, ya koma Green Bay a 2024. Gurbi na biyu sun ɗauki Damon Arnette da shi a 2020, suka kore shi a Nuwamban 2021 kafin ya cika kaka biyu. Don cike ramin da Mack ya bari, sun kashe gurbinsu na kansu, na huɗu a duk zaɓen 2019, a kan Clelin Ferrell, wanda bai taɓa kusantar matsayinsa ba. Cinikin biri a sama aka yi, aka saki na hannu aka bi na guje.

To, Bears fa da suka biya? Nan ne labarin ya ƙi tafiya yadda masu son biyan gwarzo za su so. Dalilinsu mai kyau ne. Mai jifansu, Mitchell Trubisky, yana kan albashin sabon shiga, kusan miliyan bakwai a shekara, saboda haka suna da sararin da Raiders ba su da shi. Wannan ita ce dabarar da ƙungiyoyi da dama ke bi: muddin mai jifa na da araha, a kwashi kuɗin a zuba a sauran wurare kafin lokacin biyansa ya zo. Sai dai dabarar na bukatar yaron ya zama gwani. Bears sun hau daga gurbi na uku zuwa na biyu a 2017 don su ɗauki Trubisky, suka bar Patrick Mahomes ya sauka har na goma. Ranar 6 ga Janairun 2019, a wasan sili-ɗaya-ƙwale da Philadelphia, masu tsaron bayansu suka riƙe abokan hamayya a maki 16, amma masu kai hari suka kasa wuce 15. Bugun ƙarshe na Cody Parkey daga yadi 43 ya daki ƙarfen tsaye, ya sauko ya daki na kwance, ya dawo fili. Daga nan har Mack ya bar su, ba su ƙara yin kaka irin wannan ba. Sun ci takwas an ci su takwas a 2019, haka a 2020, sannan shida da 11 a 2021. A Maris na 2022 suka tura Mack ga Chargers a kan gurbin zagaye na biyu da na shida. Kaka huɗu, ba su ci wasan sili-ɗaya-ƙwale ko ɗaya ba. Ni dai ban ga laifin cinikin Mack a nan ba. Kuskuren an tafka shi tun shekara guda kafin ya iso, ranar da aka zaɓi mai jifa.

Abin da ya sa na tsaya a kan haka shi ne Aaron Donald. Kwana ɗaya kafin cinikin Mack, Los Angeles Rams sun fuskanci irin wannan taƙaddama da nasu gwarzon, wanda ɗan zaɓen 2014 ne kamar Mack, shi ma ya ƙaurace wa atisaye. Suka biya shi miliyan 135 na shekara shida. A kakar ya kayar da masu jifa sau 20.5, Rams suka kai wasan ƙarshe na Super Bowl, New England ta doke su 13 da 3. Da suka ga mai jifansu ba zai kai su ba, sai suka musanya shi da Matthew Stafford a 2021. A Fabrairun 2022 suna gaban Cincinnati 23 da 20, saura ƙasa da minti ɗaya, Cincinnati na bukatar yadi ɗaya tak a damarsu ta ƙarshe don su ci gaba da hari. Donald ya ratsa ta tsakiya, ya cafke mai jifansu Joe Burrow a kugu ya juya shi, Burrow ya wurga ƙwallo a makance ta faɗi ƙasa. Donald ya miƙe yana nuna yatsan da za a sa masa zoben zakara. Kakar da ta biyo baya Rams sun ci biyar kacal, bashin da suka tara ya zo karɓa, amma kofin na cikin kabad.

Masu adawa da biya suna da sunaye biyu da suke jefowa. Na farko Albert Haynesworth, wanda Washington ta ba miliyan 100 na shekara bakwai a 2009, ya buga wasa 20 kacal, ya kayar sau 6.5, ya yi ta rigima da koci Mike Shanahan a kan tsarin da aka sa shi, aka rabu dutse a hannun riga. Gaskiya ne an yi asara. Amma Haynesworth baƙo ne da aka sayo daga Tennessee, ƙungiyar da ta raine shi ta san halinsa ta bar shi ya tafi. Wanda ka ɗauko tun yana ɗanye, ka ga yadda yake atisaye da yadda yake jinyar rauni shekara huɗu, ka san abin da mai saye daga waje bai sani ba. Raiders ba su taɓa cewa sun ga aibu a jikin Mack ko a halinsa ba.

Na biyu Bill Belichick, kocin New England na lokacin, wanda ya yi suna wajen sallamar gwani shekara guda kafin lokacin biyansa. Ya tura Richard Seymour a 2009, kuma Raiders ɗin nan ne suka karɓa da gurbin zagayen farko. Ya tura Chandler Jones zuwa Arizona a Maris na 2016, ya kuma ɗauki kofi a kakar. Sai dai Belichick na da mai jifa Tom Brady, wanda ke rufe kowace ɓaraka, yana kuma karɓar ƙasa da abin da kasuwa za ta ba shi. Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke tsada. Gruden ya ƙona nasa ba shi da Brady. Ko Kansas City da ke da Mahomes, wadda ta iya sakin Tyreek Hill a 2022 ta ci gaba da cin kofi, da aka zo kan mai tsaron bayanta Chris Jones sai ta lanƙwasa. Ya ƙaurace wa wasan farko na 2023, ya zauna cikin 'yan kallo Detroit ta doke su da maki ɗaya, kwanaki kaɗan aka sasanta, a Maris na 2024 kuma suka ba shi kusan miliyan 159.

Akwai kuma abin da lissafin "mutum biyu, rubu'in kuɗi" ke ɓoyewa. Iyakar albashi tana tashi ne da kuɗin talabijin, kwantiragi kuwa yana nan inda aka sa hannu. Sau ɗaya ta faɗi a 'yan shekarun nan, a 2021, saboda annobar korona, daga miliyan 198.2 zuwa 182.5, kuma wannan ya matse Bears ƙwarai. Ban da haka hawa take: 208.2 a 2022, 255.4 a 2024, 279.2 a 2025. Ga kuma dabarar akantoci, domin kuɗin sa hannu ana biyansa nan take amma a takarda a shimfiɗa shi har shekara biyar. Miliyan 23.5 da ta zama abin tsoro a 2018, Nick Bosa ya wuce ta zuwa 34 a 2023, Myles Garrett ya kai 40 a 2025. A Agustan shekarar Dallas ta maimaita abin da Raiders suka yi, ta tura Micah Parsons zuwa Green Bay a kan gurabe biyu na zagayen farko da ɗan wasa ɗaya, aka ba shi kusan ninki biyu na albashin Mack. Jan ƙafa ma kansa yana da farashi. Da Raiders sun zauna da Mack tun farkon 2017, lokacin da doka ta fara ba su damar tsawaita masa, da ba a auna shi da kwantiragin Donald ba, tunda babu shi a lokacin.

Saura maganar shekaru, cewa wanda aka biya yana da 27 zai tsufa kafin kwantiragi ya ƙare. Wannan tsoro ne na gaskiya a wasan da jiki ke cin jiki, kuma Mack ya rasa fiye da rabin kakar 2021 saboda rauni a ƙafa. Amma a 2023, yana da shekara 32, ya kayar sau 17, adadin da bai taɓa kaiwa ba ko a ƙuruciyarsa. Shida daga ciki a yammaci ɗaya ya yi su, ranar 1 ga Oktoba, kuma Raiders ya yi wa.

Magajin Mack bai fito daga manyan guraben da aka yi ta alfahari da su ba. A zagaye na huɗu na zaɓen 2019, gurbi na 106, Raiders suka ɗauki wani siririn yaro daga jami'ar Eastern Michigan mai suna Maxx Crosby, kuma shi ya zama gwanin da Gruden ke kukan rashinsa. Gruden ya bar aiki a Oktoban 2021. A Maris na 2025 Crosby na da shekara 27, sababbin shugabannin ƙungiyar ba su jira ya ƙaurace wa atisaye ba, suka ƙara masa shekara uku a kan miliyan 106.5, wato 35.5 a shekara, kusan kashi 13 cikin ɗari na iyakar albashin shekarar.